Manomin da Ya Sauke Ƙafa a Kwana

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a bisa dutse. Mutum ne mai ƙwazo, mai tsoron Allah kuma, sai dai bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin abu ba. Ko hanya ya ɓata, gara ya wuni yana yawo da ya tambaya. Yana da ƙane ɗan acaba wanda ya shekara goma sha biyar yana hawa da sauka a hanyar dutsen nan, amma manomin bai taɓa zama a bayansa ba.

Wata rana da damina, matar manomin tana cirar ciyawa a gonar acca, sai kububuwa ta sare ta a ƙafa. Kafin a kai ta gida ƙafar ta kumbura, dasashinta ya fara jini. Magani kuwa sai a asibitin da ke gindin dutsen. Hanyar matsattsiya ce, duk kwana-kwana, dutse a gefe guda, kwazazzabo mai zurfi a ɗaya gefen.

Aka kira ƙanen, aka ɗora matar a bayansa. Jikinta ya riga ya saki, don haka dole mijin ya zauna a can baya ya riƙe ta. Kafin ƙanen ya tayar da babur ya ce, "Yaya, abu biyu nake roƙonka. Kada ƙafarka ta bar wurin da ka ɗora ta. In kuma na kwantar da babur a kwana, ka kwanta tare da ni."

Manomin ya ce ya ji. Jin kunne ne kawai.

Da suka iso kwanar farko, ƙanen ya rage gudu tun daga nesa, ya karkatar da babur. Manomin ya ga ƙasa tana matsowa kusa da gwiwarsa. Sai ya miƙe, ya ja jikinsa zuwa ɗaya gefen da dukan ƙarfinsa, a ganinsa shi ne yake hana su faɗuwa. Babur ya ƙi juyawa, ya nufi bakin ramin. Da ƙyar ƙanen ya dawo da shi, tsakuwa tana zuba cikin kwazazzabo a bayansu.

A kwana ta biyu manomin ya sake dabara, ya sauke ƙafa don ya dogara da ƙasa. Ƙasa ta fizge takalminsa, wani dutse ya fasa masa babban yatsa, babur ya yi tangaɗi kamar mashayi. Ƙanen ya taka birki ya tsaya.

Ya ce, "Yaya, babur ɗaya ba ya ɗaukar matuƙi biyu. Kwanar da ke gaba ta fi waɗannan muni. In ka sake yin haka, mu uku za mu tafi."

Manomin ya so ya sauka ya bi su a ƙafa. Amma da ya sassauta hannu, matar ta sulale, kanta ya faɗo a ƙirjinsa, jini yana bin gefen bakinta. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya mayar da ƙafarsa mai jini kan matakin babur, ya rungume matar, ya ce, "Tuƙa."

Kwanar ta zo. Babur ya kwanta har ciyawar bakin hanya tana shafar wandonsa. Dukan jikinsa yana ce masa ya miƙe, amma ya cije, ya kwanta tare da ƙanensa. Babur ya zagaye dutsen sumul, ya miƙe da kansa. Haka suka sha sauran kwanonin hanyar ɗaya bayan ɗaya har suka isa asibiti. Aka yi wa matar allura, ta rayu, ko da yake likita ya ce saura kaɗan.

Ma'anar wannan misali ita ce, hanyar dutsen rayuwarmu ce, matuƙin kuwa Ubangiji Yesu ne. A miƙaƙƙiyar hanya kowa yana da bangaskiya, har da waƙa. Kwana ce take nuna wanda ya dogara gare shi, wato ranar da aiki ya ƙare, ko ciwo ya shigo gida, ko addu'a ta daɗe ba amsa. A nan ne mukan ja baya, mu sauke ƙafa mu taɓa tsohuwar dabara: mu je wurin boka a ɓoye, mu yi 'yar ƙarya, mu rama mugunta. Muna cewa taimakon kanmu muke yi, alhali ramin muke nufa. Ni ma na sha sauke ƙafa, na kuwa sha ciwo.

'Yan'uwana, manomin nan ba shi kaɗai ne a kan babur ba, ku ma haka. Akwai mata da 'ya'ya da tsofaffi waɗanda Allah ya sa a hannunku, in kuka ja gefe, tare za ku faɗa. Wani a cikinku yana bakin kwanarsa a wannan mako, yana jin ƙasa tana matsowa. Ɗan'uwa, ɗauke ƙafarka daga ƙasa, ka bar Ubangiji ya tuƙa.