Kamun Wa Za A Bi?

Akwai wani tela da ake yi wa laƙabi da Ba-Kuskure. Tun da ya fara ɗinki bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Da hannunsa yake auna mutum, kamu kaza da taƙi kaza, kuma kaya su zauna ɗas.

Da kasuwa ta buɗe masa, wani otal ya ba shi kwangilar wandunan ma'aikata. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya ɗauki teloli biyu, Dogo da Gajere. Sunayen nan kuwa ba ƙage aka yi musu ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, tunda kun zama uku, ka sayi tef mana."

Ya ce, "Ni? Tef ai na 'yan koyo ne."

Don aiki ya yi sauri, gogan naka ya raba shi irin na manyan kamfanoni. Shi zai auno ya faɗi awo, Dogo ya yanka ƙafar dama, Gajere ta hagu.

Da aka zo haɗawa, Dogo ya ce, "Oga, akwai 'yar magana..."

"Ba na son surutu! Ku haɗa ku ninke."

Ranar kai kaya, manajan otal ya jera ma'aikatansa suka gwada. Kowanne ƙafar dama tana sharar ƙasa, ta hagu ta tsaya a ƙwauri.

Manaja ya ce, "Malam tela, wannan sabon yayi ne? Ɗaya ta share daɓe, ɗaya ta tsallake ruwa?"

Ba-Kuskure ya juya a fusace. "Ba kamu biyu na ce muku ba?"

Dogo ya miƙa zangalelen hannunsa, Gajere ya miƙa ɗan guntun nasa. Suka ce, "Wallahi oga, kamu biyu muka yanka."

Kwangila ta koma hannun wani tela, maƙwabta kuma suka sauke "Ba" daga sunansa.

Ya isa gida abin tausayi. Matarsa ta ajiye masa ruwa, ta ajiye sabon tef a gefe.

Ta ce, "Ga na 'yan koyo."

Bai yi musu ba. Ya rataya shi a wuya.

Darasi: Idan sana'arka ta girma ta wuce hannunka, samar wa mutanenka ma'auni ɗaya, kuma ka saurare su idan sun ce akwai magana. Tura wa duk mai sana'ar da har yanzu yake awo da hannunsa.