Rigar Kura a Ɗakin Tasalla

Masu riƙe da labarai sun ce a garin Funtuwa an yi wata mata, Balaraba, mai 'ya ɗaya tilo da ake kira Kulu. Yarinyar ta faɗo daga bishiyar mangwaro ta karye a cinya, ta daɗe a kwance. Tana kwancen ne 'yan ajinsu suka tafi Kano kallon namun daji, suka dawo suna ba ta labarin giwa da jimina, ita kuwa sai ta juya fuska bango. Ran nan Balaraba ta yi mata alkawari: "In Allah ya tashe ki, ni zan kawo miki daji har tsakar gidan nan."

Allah ya tashe ta, amma da ɗingishi, don ƙafar da ta karye ta ɗan gajarce. Balaraba ta shiga shirin cika alkawari. Ta sa aka saro ganyen ayaba da kaba aka lulluɓe katanga, ta sayo balan-balan, ta nemo abin yanka cincin mai siffar kifi da kunkuru. Kowane yaro a unguwa zai zo da shigar wata dabba. Ɗinkin kuwa ta damƙa wa maƙwabciyarta Tasalla, aminiyarta tun suna amare.

Ba a daɗe ba ta fara ganin abin da bai kwanta mata ba. Tasalla da ba ta saba sakin labule ba, yanzu ɗakinta kullum a rufe. In Balaraba ta yi sallama, sai ta ji keken ɗinki ya tsaya, ta shigo ta tarar an yafa masa zane. Ta sha samun Kulu da Tasalla suna ƙus-ƙus, da ganinta su yi tsit.

Wata rana da hantsi ta shiga aron rariya, ta tarar Tasalla tana wanka. Ta tsaya, ta dubi ƙofa, ta ɗaga zanen nan. A sama ga rigar zaki da geza ta zaren buhu, daidai jikin ɗan Tasalla. A ƙarƙashinta ga wata ruwan toka mai ɗigo-ɗigon baƙi, da kunnuwa tsaitsaye. Kura ce. Ta ɗaga wandon, sai ta ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Yaro ɗaya ne a duk unguwar ake yi wa irin wannan ɗinki.

Ta koma gida ba rariya. Wato ɗan Tasalla shi ne sarkin dawa, ita kuwa Kulu a sa mata rigar dabbar da ke jan ƙugu, yara su taru su yi mata dariya a gidan ubanta! Ta kama ganyen ayaba ta shiga fizgewa daga katanga.

A haka kawunta Nomau ya same ta. Tsohon maharbi ne, ita ta aika ya zo daga ƙauye ya koya wa yara kukan namun daji. Ya ajiye sandarsa, ya zauna a kan turmi, ya saurare ta har ta gama.

Ta ce, "Kawu, biki na fasa shi. Tasalla kuwa, ni da ita sai gaisuwar hanya."

Ya ce, "Me ta ce da kika tambaye ta?"

"Me zan tambaya? Da idona na gani."

Tsoho ya gyara zama ya ce, "'Yata, maganarki ta tuna mini da barewar Kwarin Gawo. Zauna ki ji, ganyen ba zai gudu ba."

Ya ce: a wani kwari mai ruwa da ɗanyar ciyawa an yi wata barewa da ɗanta. A kan wani suri kusa da makwancinsu wata gauraka take tsayawa. Barewa ta lura duk sanda ɗanta ya fito kiwo, gauraka sai ta miƙe wuya ta yi kuka, kuma ba a jimawa sai iska ta kawo warin damisa. Ta ce a ranta, "Wannan tsuntsuwa 'yar rahoto ce. Ita ke gaya wa damisa mun fito." Ta daina amsa gaisuwarta, ta ƙudura barin kwarin. Kafin ta tashi ta biya ta yi sallama da wani tsohon guza da ke zaune a bakin rafi.

Guza ya ce, "Kukan ne ke kawo damisa, ko damisa ce ke kawo kukan?"

Barewa ta ce, "Duk ɗaya ne a wurina."

Guza ya ce, "Haka Jatau manomi ya ce, kafin ya haƙa rami."

Barewa ta ce, "Wane ne Jatau?"

Guza ya ce: wani manomi ne da na zauna a bayan dangarsa ina ƙarami. Ya gina rumbu da hannunsa, ya cika shi da gero, yana alfahari da shi, ba ya son kowa ya ce ga aibinsa. Sai ya riƙa ganin sawun mutum kewaye da rumbun kowace safiya. Ya duba da kyau, ya gane sawun maƙwabcinsa Barau ne, don babban yatsansa a karkace yake. Bai ce masa komai ba. Suna haɗuwa a masallaci, suna gaisawa, Jatau na murmushi, yana ƙulle da shi a rai. Ya haƙa rami a gindin rumbun, ya kafa tsinin itace a ciki, ya rufe da kara da ƙasa. Washegari da sassafe ya ji ihu. Ya fito a guje ya tarar da Barau cikin rami, ƙafa jina-jina, ga ƙwarya ta kife, toka ta watse. Ashe gara ce ta yi hanya a ƙarƙashin rumbun, Barau ya gani, yana zuwa yana zuba mata toka. Jatau ya ce, "Don me ba ka gaya mini ba?" Barau ya ce, "Na san halinka. Da na ce rumbunka da gara, da ka ce baƙin ciki nake yi." Daga nan Barau bai sake taka gidan ba, gara kuwa ta gama aikinta.

Guza ya ce, "Kin gani, sawun na Barau ne, Jatau bai yi kuskuren gani ba. Abin da ke hannun mai sawun ne bai tsaya ya duba ba."

Barewa ta ce, "In na tambayi gauraka ta yi mini ƙarya fa?" Ta kaɗa ɗanta suka haura tudu, inda babu gauraka, babu kuma ruwa sai an yi tafiya mai nisa. Can ɗanta ya girma a rame.

Nan Kawu Nomau ya ƙare labarinsa. Balaraba ta ce, "To, gaurakar maci amana ce ko a'a?"

"Ba wanda ya sani."

"Ke nan mai yiwuwa barewa ce da gaskiya!"

"Mai yiwuwa. Da wannan mai yiwuwar ta tsufa, ɗanta kuma shi ya sha ƙishirwar. Ni ban ce Tasalla ba za ta iya mugunta ba, ban shiga zuciyarta ba. Amma ƙus-ƙus ɗin nan da kika ce, ai baki biyu ke yin sa. Ɗayan bakin a ɗakinki yake kwana."

Balaraba ta miƙe tsaye. Sannan ta ɗaga murya ta kira Kulu. Yarinya ta fito tana jan ƙafa, ta ga ganye a zube, ta tsaya turus.

"Wa ya ce a ɗinka miki rigar kura?"

Kulu ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Umma."

"Ke? Ba barewa ba, ba ɗawisu ba?"

"Inna Tasalla ma ɗawisu ta so, har ta yanka yadi. Ni na ƙi. Umma, kowa sai ya koyi tafiyar dabbarsa, ni kuwa na riga na iya tawa. Kuma kura ce za ta kori kowa, har zaki sai ya matsa in ta yi dariya. Tun da na tashi ba wanda ya yarda in yi wasan gudu da shi, sai su ce zauna, Kulu, kar ki faɗi." Ta ɗago ido. "Ni na roƙe ta kar ta gaya miki. Na san za ki yi kuka."

Balaraba ta buɗe baki ta ce ba za ta yi ba, sai ga hawaye. Ta jawo yarinyar ta rungume ta. Can ta share ido da bakin mayafi ta dubi tsoho.

"Kawu, na ji. Saura kaɗan in haƙa nawa ramin."

Ya ce, "Tashi ki je, tun abin yana da zafi."

Ta tarar da Tasalla a kan keke. Tasalla ta yi sauri za ta rufe ɗinkin, Balaraba ta riƙe hannunta.

"Bar shi. Na gani ɗazu, kuma na zarge ki da abin da kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Ki yafe mini."

Tasalla ta dube ta, ta dubi rigar, ta gane. Sannan ta matsa gefe a kan benci ta ce, "Zauna ki riƙe mini nan. Wutsiyar ta yi tsawo, in ba mu rage ta ba, kurarki za ta taka ta tana tsakiyar farauta."