Askin Da Ba A Ƙarasa Ba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai aski ne, Allah ya ba shi hannu ya kuma ba shi baki. Hannunsa ba nauyi, shi ya sa ake ce masa Auduga. Zai riƙe haɓarka ya bi da reza tun daga gindin kunne har maƙogwaro, ba za ka san an gama ba sai ka ji sanyin hoda. Bakinsa kuwa, wanda ya shigo shagonsa da fushi yakan fita yana riƙe da ciki don dariya.

Shagon ɗan ƙarami ne. Kujera ɗaya mai juyawa, babban madubi a gabanta, dogon benci a jikin bango. Bencin nan ba ya rabo da mutane. Wasu aski ya kawo su, yawanci hira. Akwai telan da ke maƙwabtaka da shi, akwai wani direba mai sanƙo da ba ya fashin zuwa, Auduga yana ce masa ya aro gashi in yana so a yi masa aiki. Gwanintarsa ita ce ba ya dariya in yana ba da dariya. Zai ɗaure fuska ya shirga magana, benci ya tarwatse, shi ko murmushi babu.

Mahaifinsa ne ya koya masa sana'ar. Da tsufa ya kama dattijon, hannu ya fara rawa, sai ɗan ya karɓi askinsa. Duk mako zai rufe shago da hantsi, ya ɗauki 'yar jakarsa ya tafi gida, ya zaunar da tsohon a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake, ya gyara masa kai da gemu. Tsohon ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai wannan ɗa. Yakan ce reza a wuya amana ce, ba kowa ake miƙa wa ba.

Wannan amanar ce tabar wiwi ta zo ta cinye.

Tun yana saurayi ya fara sha, a wani lungu bayan shago. An ce masa tana ɗauke gajiyar tsayuwa, tana sa hira ta zo. Shekaru suka wuce ba wanda ya ga wani abu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. In wansa, wani makanike mai haƙuri, ya yi masa faɗa, sai ya ce, "Yaya, ganye ne fa, daga ƙasa ya fito. Ka taɓa jin na yanki wani?" Gaskiya ne kuwa, bai taɓa yankar kowa ba.

To a nan ruɗin yake. Tabar nan ba ta kayar da mutum rana ɗaya. Aikin gara take yi, ta cinye cikin katako ta bar fenti yana sheƙi.

Mantuwa ce ta fara zuwa. Zai tambayi mutum irin askin da yake so, kafin ya ɗaura masa ƙyalle ya manta. Sai buɗe shago ya koma sai rana ta ɗaga. Sai ya zamana in bai sha ba, kukan yaro ma faɗa ne, abinci ba ɗanɗano, barci ba ya zuwa. Matarsa ce ta fara lura. Mutumin da kan shigo gida da labari a bakinsa, yanzu zai zauna yana kallon bango. 'Yarsa ta kawo masa zanen da ta yi a makaranta, ya karɓa ya ajiye bai duba ba. Ba mugunta ba ce. Kamar dai an zare wani abu daga cikinsa ne aka bar rigar a tsaye.

Shi kuwa a ganinsa bai canja ba, mutane ne suka canja. Mai aski ta cikin madubi yake ganin duniya. Yana aiki, yana hangen bencin da ke bayansa. Da can in ya ga biyu sun haɗa kai, ya san wata tsokana suke shirya masa, ya tanadi amsa. Yanzu in sun haɗa kai sai ya tsargu. Me suke cewa? Me ya sa suka yi shiru da ya waiwaya? Ana haka sai injinsa na aski ya fara magana. A cikin ƙarar nan tasa, can ƙasa, akwai murya. Tana kiran sunansa, tana ce masa sun sani, suna jiran lokaci ne kawai.

Ya daɗe yana riƙe da wannan shi kaɗai. Tsoro ya cika shi, domin a lokacin da sauran hankalinsa, ya san inji ba ya magana. Wata rana da la'asar, benci a cike, ya kasa jurewa. Ya kashe injin, ya juyo ya dubi mutanen da ya fi sani a duniya, ya gaya musu abin da yake ji. Ya ce yana jin tsoro. Fuskarsa a ɗaure.

Benci ya fashe da dariya.

Direba ya share hawaye ya ce, "Wallahi ni ma na ji shi. Tun jiya yake gulmarka." Tela ya ce ai shi ta bango yake jiyo injin yana kai ƙara, wai ana hana shi mai. Duk wanda ya shigo sai su ce, Auduga, maimaita masa na injin nan. Ina za su sani? Mutumin da ya shekara ashirin yana ba su dariya da wannan fuskar, yau ya zo da ita yana neman ceto, suka ɗauka sabon wasa ne.

Shi kuma ga abin da ya ji: ashe su ma suna jin muryar. Ashe gaskiya ce. Ashe bakinsu ɗaya da ita. Ɗan shakkun da ya rage masa, wanda da an kama shi ranar da an kai Auduga wurin likita, dariyar nan ta kashe shi.

Ya 'yan uwa, sau nawa ɗan'uwanmu ya faɗi ciwonsa a gabanmu muka mai da shi abin hira?

Daga nan abu ya yi sauri. Ya rufe madubi da zane, benci ya sake dariya. Rannan wani ma'aikacin ofis na zaune a kujera, kumfa a fuska, wayarsa ta yi motsi a aljihu. Auduga ya damƙi haɓarsa, ya ɗora reza a maƙogwaro, ya tambaye shi a hankali wa ya aiko shi. Bai yanke shi ba. Tela ne ya lallaɓa ya riƙe hannun. Amma ranar dariya ta ƙare, washegari benci ba kowa.

A gida ya fara shinshina abinci kafin ya ci. Ya buga ƙusa a taga. Ya ce da matarsa ya san da wa take magana in ya fita. Ta yi haƙuri har haƙuri ya gaji da ita, ta kwashe yara ta koma wurin iyayenta, kuma ba wanda ya ga laifinta.

Wansa ya kai shi asibiti. Aka ba shi magani, aka raba shi da tabar, muryar ta yi shiru. Ya dawo ya yi kuka, ya nemi gafarar kowa. Likita ya gaya masa a fili cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar wannan abu, in ya koma, abin da zai biyo baya zai fi na farko. Ya ce ya ji. Ya buɗe shago, ya share, ya cire zanen madubi, ya zauna. Ba wanda ya zo. Wa zai miƙa wuyansa? Waɗanda suka zo su ne abokan lungu, su kaɗai ne ba sa tsoronsa. Suka ce zuƙa ɗaya ba ta komai. Ya koma.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifinsa. Hannu ɗaya ya mutu, baki ya karkace gefe guda, magana ta yi nauyi. Gemu ya taru ya cukurkuɗe, domin tun da ɗan ya kwanta asibiti ba a yi masa aski ba. Wan ya roƙe shi ya bari a kawo wani mai askin. Tsohon ya girgiza kai, da ƙyar ya fitar da kalma ɗaya: "Ɗana."

Wan ya yi ta jinkiri, daga baya ya je ya zo da Auduga, ya tsaya dab da su yana kallon hannun. Da farko abin gwanin sha'awa. Hannu bai manta ba. Ya jiƙa tawul, ya shafa kumfa, ya bi kuncin dama da reza sumul kamar da. Tsohon ya lumshe ido. Wan ya ji ƙwalla ta zo masa, ya ce a ransa ko Allah ya kawo sauƙi ne.

Sai Auduga ya juyo da fuskar don ya yi ɗaya gefen. Ya ga bakin nan da ciwo ya ja sama. Ya tsaya.

Ya ce, "Baba, har da kai? Kai ma dariya kake yi mini?"

Tsohon ya yi ƙoƙarin cewa a'a. Duk yadda ya yunƙura, bakin ƙara karkacewa yake. Wan ya ce ciwo ne, ka dube shi da kyau, ciwo ne. Auduga bai ji ba. Ya naɗe rezarsa, ya ce dama an gaya masa, ya fita bai waiwaya ba. Kumfa ta bushe a kuncin hagu. Wan ya goge ta da tawul, ya ce bari ya ƙarasa da kansa. Tsohon ya kawar da kai. Ɗansa zai dawo.

Bai dawo ba. Da wannan rabin askin dattijon ya koma ga Ubangijinsa, idonsa a kan ƙofa.

Wan ya tarar da Auduga a lungun bayan shago, yana zaune a ƙasa yana naɗa tabarsa. Ya durƙusa ya gaya masa Baba ya rasu. Ya jira kuka, ko ihu, ko zagi ma. Auduga ya dube shi kamar an ce masa za a yi ruwa. Ya ce, "To." Can kuma ya tambaye shi ko yana da ashana.

Yana nan da rai. An mayar da shi asibiti, an sake mayarwa. Wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya tashi. Har yau bai tambayi inda aka binne mahaifinsa ba.

Ya 'yan uwa, na san wani zai ce ai wane ya shekara talatin yana sha, lafiyarsa ƙalau. To. Ba kowane mai sha ne ke jin muryoyi ba, amma wa ya ba ka tabbacin ba kai ba ne? Wanda ma bai haukace ba, ku tambayi matarsa ina kuzarinsa ya tafi, ina tausayinsa, ina kunyarsa. Ba banza addini ya hana duk abin da ke gusar da hankali ba. Da hankali ake sallah, da shi ake riƙe sana'a, da shi ɗa ke gane fuskar ubansa. In ya tafi, ba a kasuwa ake sayo wani ba.

Kai da ke sha, ka daina tun kana iya jin wannan maganar, ka nemi likita, ba abin kunya ba ne. Kai kuma da ke zaune a benci, in abokinka ya faɗi abin da bai saba faɗi ba, kada ka yi saurin dariya. Ka dubi idonsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba kallo ake yi ba.

Allah ya tsare mana hankulanmu har ranar da zai karɓi rayukanmu. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya dubi ɗansa da idon rahama, ya ba wansa ladan haƙuri. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.