Motar Da Ba Ta Tashi Sai Da Turi

Akwai wani bakanike a Kalifoniya a shekarar 1947, mai suna Orval Pruitt. Shekara uku ya yi yana haɗa motar tsere shi kaɗai a garejinsa.

Kamar sauran samarin zamanin, tsohuwar mota ya samo, ya cire rufi da gilashi da duk wani abu mai nauyi, ya ɗora mata ƙaton inji. Har sitatar da ke tayar da inji ya cire. Bai damu ba, domin gidansa a kan tudu yake, gangara ke tayar masa da ita.

Burinsa ɗaya ne: ɗan farantin tagullar da alƙalan tsere masu agogo ke rubuta gudun mutum a kai, ya manna kusa da sitiyari.

Ranar tseren ƙarshe na shekara ya isa busasshen tafkin da ake fafatawa, ya kashe mota, ya rufe injin da tampol. Al'adar wurin kuwa, ka tura wa wani mota ta tashi, wani ya tura maka.

Wani mai faci, Nacho Barragan, ya kira shi. "Maigida, ɗan sa mana hannu. Ko hannun na zinariya ne?"

Orval ya dubi motar Nacho. "Wannan akwalar? Kai wa kaji su kwana a ciki."

Da aka kira lambarsa, ya hau ya gyara zama, yana jira. Babu wanda ya matso. Sai a lokacin ya lura tafkin shimfiɗe yake kamar faifai, babu gangara ko taku ɗaya.

Ya sauko ya tura da kafaɗa, ta ƙi. Da hantsi iska ta taso, masu agogo suka naɗe kayansu, jama'a suka watse.

Nacho ne na ƙarshen tafiya. Ya kara motarsa a bayan ta Orval. "Hau, sarkin gudu. Kar diloli su cinye ka a nan."

Inji ya tashi. Orval ya sheƙa gudun da bai taɓa yi ba, allurar auna gudu ta kai ƙarshe. Da ya isa bakin layi ya waiwaya neman mai agogo. Ƙurarsa kaɗai ke bin sa.

Darasi: Komai ƙarfin injinka, akwai filin da babu gangara, sai hannun mutane. Kada ka raina wanda ya nemi ka sa masa hannu. Ku tura wannan labari ga wanda yake ganin ya fi ƙarfin kowa.