Masaukin Baƙo

An yi wani mutum a wani gari, tun ba a san bulo ba, ana ce masa Nomau. Ku saurara. Ke mai goyo, matso nan, ba zan maimaita ba.

Nomau magini ne, bawan Allah mai cuɗa ƙasa da ƙafa ya yi tubali. Aibinsa ɗaya a wurin mutane, tambaya. In ya ga bango ya tsage sai ya san dalili. In ya ji suna sai ya san wanda ya raɗa.

Garinsu a kan tudu yake. Tsakaninsa da kogi akwai wani fili shimfiɗe kamar faifai, sunansa Masaukin Baƙo. Da gari ya cika ya batse, mai gari ya ce a yanka filin. Ya ce, "Ai sunan ma ya faɗa. Nan kakanninmu suke sauke fatake." Ya kira Nomau ya ba shi ginin gida ashirin, aikin da bai taɓa ko mafarkinsa ba.

Nomau ya je haƙar ƙasar gini. Yana haƙa yana tambayar kansa: in fatake sun yi zango a nan, ina toka? Ina duwatsun murhu? Ko tsingaro ɗaya babu. Abin da ya gani a jikin ramin daban ne: baƙar laka, sai farin yashi, sai laka, sai yashi. Ya ƙirga da yatsa, hawa bakwai. A cikin yashin kuma ga ƙayar kifi. Ku ji fa, ƙayar kifi, a wurin da kogi yake can nesa!

Abin ya hana shi sakat. Ya wanke ƙafa ya nufi wurin Iya Tabawa, makauniyar tsohuwar da ta girmi kowa a garin.

"Iya, wane baƙo ne yake sauka a filin can?"

"Kai ɗan gidan wa?"

"Jikan Cindo magini."

"Ho! Ka gado bakin kakanka. Rage murya, ja'iri. Iyayenmu ba sa cewa ambaliya, kada ta ji sunanta ta amsa. Baƙo suke cewa. Filin nan nasa ne, shi ya sa aka bar masa."

"Ya taɓa zuwa a idonki?"

"Sau biyu, lokacin ina da idon. Shekarar da na fara azumi, da shekarar da ƙanƙara ta kashe tumaki. Kuma ba da hadari yake zuwa ba. Sama tas, rana ƙwal. Ruwan duwatsun kudu ne. In ka ga kogi ya yi ja, yana ɗauke da ganyen gora, alhali mu ba mu da gora a ƙasar nan, to naɗe tabarmarka."

Nomau ya je gaban mai gari ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, filin nan da mai shi." Ya kwashe duk abin da ya gani ya faɗa.

Mai gari ya yi dariya. "Shekara talatin ina sarauta, ruwa bai taɓa wuce gindin giginyar can ba. Zancen tsohuwar da ba ta san jiya ba zai hana gari faɗaɗa? Ka ja bakinka ka yi ginin, ko in kira wasu."

A gida matarsa Lantana ta ce, "Malam, rumbu ya kusa ƙasa. Gini aka ce ka yi, ba duba ba."

Ya ce, "Lantana, hannun nan ba zai ɗora azara a kan 'ya'yan mutane a wurin can ba."

Aka kira wasu suka gina. Nomau ya koma yaɓen madafi da toshe ramin ɓera. Shekara ɗaya, shiru. Biyar, shiru. Tara, shiru. Jatau mahauci, wanda ya samu gida mafi girma a filin, in ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Nomau, baƙon naka bai iso ba? Mu ajiye masa tuwo?"

Shi kuwa sai ya ce, "Allah ya sa kada ya zo, Jatau." Har zuciyarsa yake faɗa. Amma kowace damina, kullum safiya, sai ya je bakin kogi ya duba.

A shekara ta goma, wata rana da hantsi, mata sun baza shanya, ya tarar kogi ya yi ja. Ya sa hannu ya tsamo ganye siriri mai tsini, ganyen gora. Ya kwasa da gudu, tsofai-tsofai da shi, gida gida yana buga ƙyaure: "Ku hau tudu! Ku hau tudu!"

Jatau ya fito da wuƙa a hannu. "Rana ƙwal haka? Ka haukace?"

Nomau bai tsaya musu ba. Ya faɗa zauren gidan, ya saɓi uwar Jatau a baya, ya nufi tudu da ita. Jatau ya biyo shi yana zagi, iyalinsa suka biyo Jatau, maƙwabta suka biyo kallo. Kafin azahar ruwa ya iso. Gida ashirin suka narke kamar fura a nono. Awaki sun tafi, hatsi ya tafi, amma ko rai ɗaya ba a rasa ba.

Mai gari ya tsaya yana kallon ruwan, ya kasa haɗa ido da kowa. Can ya ce, "Nomau, hawa nawa ka ce ka ƙirga?"

"Bakwai, ranka ya daɗe. Yanzu takwas."

To kun ji. Gaskiya ce ta tserar da mutanen nan, gaskiyar talaka da ya yarda ya yi yunwa a kanta. Wanda ya san inda ruwa yake bi ya yi shiru, duk ɗakin da ya faɗi yana wuyansa ranar gobe.

Ba don nishaɗi na ba ku labarin nan ba. Kududdufin bayan masallaci, tun ina yarinya nan ruwan unguwar nan yake kwana. A gabanku aka cike shi da shara, aka yanka, aka gina. Bana ruwa ya rasa wurin zuwa ya shigo ɗakina, bango ya faɗo a kan gadona, Allah ne ya sa ina tsakar gida. An kawo min kwanon gero wai jaje. Ba gero nake nema ba, a buɗe wa ruwa hanyarsa tun kafin wata damina. Akwai dattawa a zaune a nan da suka koyi iyo a kududdufin nan. Ina ganin ku. Mutum ɗaya nake so ya miƙe, ya raka ni gaban mai unguwa, ya faɗi abin da ya sani.