Gonar da Aka Nome wa Kaka Briskila

Akwai wani mutum, manomin dawa, wanda Allah ya ba shi zuciyar tausayi, ya kuma haɗa masa da gaggawa. In ya ga mutum cikin wahala, kafin mai wahalar ya buɗe baki, shi har ya naɗe hannun riga. Da mutanen garinsu suka kafa ƙungiyar taimakon juna, sai suka sa shi shugaba. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce a wannan damina za su yi gayya su nome gonaki goma na tsofaffi da gwauraye. Goma cif, ya faɗa har sau biyu.

Suka nome tara. Ta goma aka neme ta aka rasa, gama duk mai bukata a garin an riga an yi masa. Da wani ne, da sai ya gode wa Allah ya huta. Shi kuwa ko tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ana nan, wata rana ya hau kekensa zuwa wani ƙauye a kan duwatsu don sayen akuya. A bakin hanya ya ga wata gona ta cika fal da ciyawa har gwiwa, ba kunya ko ɗaya, ba karan dawa ko na magani. Ya tsayar da wata mata mai ɗauke da itace ya ce, "Sannu da aiki. Gonar wa ce wannan?"

Ta ce, "Ta Kaka Briskila ce. Mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune."

Matar ta buɗe baki za ta ƙara magana, amma ina, mutumin har ya juya keke. Akuyar ma bai saya ba.

Ran Asabar ya kwaso maza ashirin da fartanyoyi, har da mai ganga. Ranar kasuwa ce, ƙauyen ba kowa, Kaka ma ta tafi. Shugaba ya ce hakan ya fi, ta dawo ta ga ikon Allah. Su kuwa mutanen nan dawa da gero da masara suka sani, ba su taɓa noma a kan duwatsu ba. Wani a cikinsu mai suna Dogara ya tsuguna ya duba, ya ce, "Shugaba, ciyawan nan iri ɗaya ce fa. Kamar da hannu aka watsa ta. Ko mu jira mai gonar?"

Shugaba ya ce, "Dogara, noma ka zo yi ko kallon ciyawa?"

Aka yi dariya, Dogara ya ji kunya ya kama fartanya. Mai ganga ya saki kiɗa. Kai, an yi aiki a ranar. Kafin la'asar gona ta fita tas kamar tsakar gida, har suka ja kunyoyi a miƙe, suka jeru a kai suna share gumi suna jiran godiya.

Sai ga Kaka Briskila tana dogara sanda. Ta dubi gonar, ta wuce abinta, tana tsammani ta yi ɓatan hanya. Ta dawo, ta dubi itacen ɗorawa da ke kan iyaka, ta gane nan ne. Ta ce, "'Ya'yana, ina accata?"

Shugaba ya ce, "Wace acca, Kaka?"

Ta ce, "Wadda kuke tsaye a kanta."

Ashe acca ce, hatsin mutanen duwatsu, wadda ake watsa irinta ba kunya, ta tashi kamar ciyawa. Mai ganga ya mai da gangarsa bayansa a hankali. Kaka ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a kan dutse ta ce, "Saura wata guda ta nuna. Ita ce abincina har baɗi."

Zuciyar mutumin ta karye. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, ki gafarta mana. Rumbuna cike yake da dawa, gobe zan kawo miki."

Ta ce, "Ɗana, cikina ya daina karɓar dawa tun kafin a haife ka."

A nan ne mutumin ya yi abin da ya kamata ya yi tun ranar da ya tsaya da keke. Ya ce, "To Kaka, me kike bukata?"

Ta ce, "Damina uku ke nan ɗakina yana yoyo. Masu kirki suna zuwa, Allah ya sa musu albarka. Ina da bargo uku da buta huɗu. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufi." Ta taɓa tulin accar da sandarta ta ƙara da cewa, "Ga shi wannan da kuka tuge ko jinka ba ta isa yi ba."

Mutumin ya fasa rumbunsa, ya kai dawarsa kasuwa ya musanya da acca, wadda ta fi dawa tsada nesa ba kusa ba. Shekara guda yana hawa dutse da ita a bayan keke. Asabar ɗin da ta biyo bayan gayyar kuwa suka koma suka yi wa Kaka sabuwar jinka, amma ko ciyawa ɗaya ba su ɗora ba sai da suka ce, "Kaka, nan ko can?"

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan mu ne, mu masu ƙungiyoyi da zumunta da kyawawan shirye-shirye. Gonaki goma su ne burin da muke sa wa kanmu, burin kuwa ba laifi ba ne. Laifin shi ne lokacin da cika goma ya fi mana wanda za a taimaka muhimmanci. Accar ita ce abin da matalauci ya riga ya sani, ya kuma shuka da hannunsa, wanda mu don rashin sani muke kira ciyawa. Dogara kuwa shi ne kowane ɗayanmu da ya ga kuskure ya yi shiru don kada a yi masa dariya. Ubangijinmu, wanda ya san zuciyar kowa, da wani makaho ya kira shi yana neman taimako, sai da ya tambaye shi abin da yake so. Mu da ba mu san acca ba, wa ya ɗauke mana tambaya?

'Yan'uwa, akwai wadda kuke shirin taimaka wa a unguwarku, na sani. Kafin ku ɗauki fartanya, ku je ku yi sallama, ku zauna, ku bar ta ta gama magana.