Rijiya Biyu, Jijiya Ɗaya

An yi wani mutum a unguwar Ali Kazaure, nan cikin Jos. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye. Tela ne mai rufin asiri. A tsakar gidansa akwai rijiya wadda mahaifinsa ya haƙa tun yana aikin kuza.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malam Sa'adu, direban da ke kai kayan gwari kasuwar Farin Gada. Shi ma yana da rijiya a gidansa.

Ya 'yan uwa, kun tuna shekarun nan na bayan dubu biyu, lokacin da famfo ya zama ado? Gidaje suka yi yawa, kowa ya haƙa tasa, masu hali suka yi bohol, ruwan ƙasa ya yi ta ja da baya. Da rani ya tsaya, sai rijiyoyin unguwa su ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Biyu ne kawai ba sa ƙafewa, ta telan nan da ta Sa'adu.

Sa'adu ya bar ƙofarsa a buɗe. Musulmi da Kirista, kowa ya zo da bokitinsa ya ɗiba. Tela kuwa ya yi wa tasa murfin ƙarfe, ya sa kwaɗo.

Yana zaune kan keken ɗinki, mata za su wuce da ruwa a ka suna cewa Allah ya yi wa Malam Sa'adu albarka. Har layin ma aka koma kiransa layin Sa'adu mai rijiya, alhali shi tela nan aka haife shi. Abin ya tsaya masa a rai. Ko sunan Sa'adu aka ambata, sai ɗinkin ya karkace.

To, me ya hana shi cire kwaɗon nan a sa masa albarka shi ma? Ai mai hassada ba samu yake nema ba. So yake ɗan'uwansa ya rasa.

Mahaifinsa ya taɓa gaya masa cewa rijiyoyin nan biyu jijiyarsu ɗaya. Sai ya je wurin masu lambu ya yi hayar injin ban ruwa. Kullum da hantsi ya tayar da shi, ya zuƙe rijiyarsa, ya saki ruwan cikin kwata. In an tambaye shi ya ce yasa yake yi. Wace irin yasa ce ba ta ƙarewa? Mata da bokitai wayam suna tsallake ruwa mai kyau yana bin kwata, suna kallonsa.

Matarsa Asta ta kasa haƙuri. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ruwan nan da kake zubarwa, shi 'ya'yanmu za su nema gobe."

Ya ce ta koma ta kula da tukunyarta.

Rijiyar Sa'adu ta yi ƙasa, kamar yadda tela ya so. Sa'adu kuwa igiya ya ƙaro ya ɗaura a kan ta da. Da jan guga ya yi wa tsofaffi nauyi, sai ya riƙa ja musu da kansa kafin ya fita aiki. Addu'ar da ake yi masa ta ninku. Tela ya ji kamar ya mutu don baƙin ciki.

Nan Shaiɗan ya kawo masa shawara ta ƙarshe: ya zurfafa tasa ta wuce ta Sa'adu, ruwan duka ya gangaro wurinsa. Amma gindin rijiyar dutse ne. Kuma ya sani, domin mahaifinsa ya ja masa kunne tun yana yaro, cewa ƙarƙashin dutsen nan akwai tsohon ramin kuza, dutsen ne ke riƙe da ruwan kamar gindin randa. Da saninsa ya tafi wajen garin Kuru, ya ɗauko wani mai fasa dutse da nakiya, bai gaya masa zancen ramin ba.

Ranar da aka tayar da nakiyar, kwanuka sun zubo daga kanta a gidajen maƙwabta. Da ƙura ta lafa, sai aka ji ruwa yana zurarewa can ƙasa. Tela ya ruga ya leƙa. Bakin rijiyar ya riga ya tsage, ya rufta da shi.

Aka kawo igiyoyi, duk suka gaza. Igiya ɗaya ce a unguwar ta kai inda yake: ta Sa'adu, wadda ya ƙara wa tsawo saboda aikin telan. Da ita aka fito da shi, Sa'adu na kan gaba wurin ja. Ƙashin bayan telan ya riga ya karye. Bai yi mako a asibiti ba ya cika.

Aka kawo gawa gida, aka nemi ruwan wanka. Rijiyarsa ta zama rami. Ta Sa'adu ma nakiyar ta taɓa ta, ɗan abin da ke taruwa a gindinta bai fi a raba wa gidaje kaɗan ba. Ga mata a layi tun safe. Sa'adu ya fito ya ce, "Iyayena, ku yi haƙuri yau. Maƙwabcina ne."

Ba wadda ta yi musu. Suka sauke bokitansu, aka tace ruwan da ƙyalle, aka wanke shi da shi. Ran nan yaran layin da ƙishi suka wuni, har da na telan.

Ya 'yan uwa, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Wanda ke ƙarƙashin gidanka shi ne ke ƙarƙashin gidan maƙwabcinka. In ka ɓarnatar da shi don ka ƙuntata masa, wa ka ƙuntata wa? Ku masu bohol da ke barin tanki yana ambaliya, ku masu kwaɗo a bakin rijiya, ku duba zukatanku. Kowa a cikinmu akwai wankan da ba shi zai ɗebo ruwansa ba.

Allah ya jiƙan wannan bawa, ya yafe masa. Allah ya wanke zukatanmu daga hassada, ya albarkaci ruwanmu na sama da na ƙasa. Allah ya kiyaye mu da cutar da maƙwabci. Amin.